Canon XA40: gwanar aikin rana ce, amma ba ta iya bikin dare ba

Tun bayan kullen korona, Canon XA40 ce kyamarar da na fi fita aiki da ita a nan Zariya da kewaye, kuma ita ce matasa masu shirin shiga sana'ar ɗaukar bidiyo suka fi tambayata a kanta. Ban ga laifinsu ba. Kuɗinta bai kai na manya ba, ga mariƙi a sama, ga wurin ɗaura makirfo, ga 4K a rubuce a jikinta, kuma in ka shiga taro da ita ba wanda zai tambaye ka ko kai ne mai ɗauka. Abin da nake gaya musu shi zan rubuta a nan. In aikinka na rana ne, ko aiki ne da magana ta fi hoto daraja a cikinsa, irin tafsiri da lacca da taron ƙungiya, wannan kyamara za ta daɗe tana ciyar da kai. In kuwa abincinka a bikin dare yake, kamu da dina da sauran shagulgulan da ake yi a zauren taro bayan isha'i, to za ta riƙa ba ka kunya a daidai wurin da mai aiki ya fi zuba ido.

Canon ta fito da ita a 2019 tare da 'yan uwanta uku, XA45 da XA50 da XA55, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikinsu, kusan dala 1,700 a Amurka a lokacin. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, in ka kwance mariƙin ka ajiye gefe, abin da ya rage a hannunka kusan HF G50 ce, wadda aka yi wa masu ɗaukar iyali da tafiye-tafiye a wannan shekarar. Sensa, wato ɗan farantin da ke kama haske a cikin kyamara, iri ɗaya, ido, wato gilashin gaba, iri ɗaya mai zuƙowa ninki 20, 4K iri ɗaya. Mafi yawan ƙarin kuɗin da ka biya a kan sauti ya tafi. Ba wanda ya ɓoye wannan, duk yana cikin takardar bayaninta, kuma tawa ba ta taɓa lalacewa ko ta tsaya min ana tsakiyar aiki ba. Abin da zan faɗa iyakarta ce, wadda kusan duk kyamarar da ke wannan mataki take fama da ita. Sai dai mai saye ba ya sanin nauyin lambobin da ke takarda sai ranar da ya zauna gaban kwamfuta zai tace aiki.

Tushen komai sensa ce. Girmanta shi ne wanda ake rubutawa 1/2.3, faɗinta milimita 6 da 'yar ɗoriya, tsayinta bai kai 5 ba. A kan wannan ɗan fili aka jera ɗigon hoto sama da miliyan 8 don a samu 4K, saboda haka kowane ɗigo ya zama ƙanƙani, hasken da yake kamawa kuma kaɗan ne. Sensar inci ɗaya da ke cikin XA50 ta ninka ta kusan sau huɗu a fili. Da rana babu mai damuwa, haske ya wadata har ya yi yawa. Amma da haske ya ja baya sai kyamara ta fara ƙara ƙarfin sigina, abin da muke kira gein, hoto ya fara yashi-yashi. Ita kuma sai ta shiga goge yashin da kanta, ta haɗa da ƙananan abubuwan da aka kashe wa kuɗi: zanen lalle a bayan hannu, duwatsun leshi, saƙar hular ango, gashin idon da mai kwalliya ta ɓata lokaci tana dasawa. Fuska ta fito sumul kamar ta 'yar tsanar roba.

Akwai kuma abin da ke ƙara dagula lamarin. Idon kyamarar yana buɗewa har f/1.8 in kana ɗaukar faɗi, amma yayin da kake zuƙowa yana tsukewa har ya kai f/2.8 a ƙarshen zum. A lissafi, hasken da ke isa ga sensa ya ragu fiye da rabi ke nan. To a wurin dina ina mai bidiyo yake tsayawa? Masu ado sun shimfiɗa hanyar amarya sun ce kada a taka, mai gabatarwa ya ce a matsa baya, masu hoto sun cika gaba. Dole daga nesa za ka zuƙo, wato a lokacin da ka fi buƙatar haske a nan kake rasa shi.

Wani kamu da na ɗauka a wani zaure ya isa misali. Kafin amarya ta shigo aka kashe manyan fitilun sama, aka bar na ado, shuɗi da shunayya, da 'yan ƙananan da aka zagaye kujerar amarya da su. A ido wurin ya yi kyau ƙwarai. Amarya ta shigo cikin lulluɓi mai ruwan zinare, ƙawaye a bayanta sun yi anko kore, dangin ango suna jira da turare. A ɗan allon kyamara komai lafiya lau. Da na zuba a kwamfuta sai ga koren ankon ya koma wani launi tsakanin toka da baƙi, bangon baya yana motsi da yashi, shuɗiyar fitilar kuma ta zama dunƙule guda babu gefe babu tsakiya. Lokacin da uwar ango ta ɗaga lulluɓin ta fesa turare, wanda shi ne zuciyar taron gaba ɗaya, na zuƙo sosai, kuma wannan gaɓar ce ta fi kowace laushi a duk aikin.

Da na kai aikin, uwar amarya ta sa aka kunna a babbar talabijin ɗin falo. Ta kalla shiru har aka zo wurin, sannan ta ce, "Ɗan nan, ya na ga wanda ƙanwarta ta ɗauka da waya ya fi naka haske?"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ita a gabanta take tsaye, ni kuwa daga can baya na jawo. Amma ki saurari addu'ar da kakarta ta yi, a nawa kaɗai za ki ji ta."

Ta saurara, ta ce gaskiya ne, Allah ya yi albarka. Amma tambayarta tana kan hanya, kuma duk mai riƙe da irin wannan kyamara sai an yi masa ita. Manyan wayoyin yanzu da yawa sensarsu ta fi ta XA40 girma, ga manhajar da ke gyara hoto tun kafin a gan shi, kuma a ƙaramin allo ake kallo inda aibi ba ya fitowa. Mutumin da ya biya ka kuɗi mai kauri ba ruwansa da wannan bayani, fuskar 'yarsa yake son gani tas.

Magani ɗaya ne, ka zo da haskenka. Yanzu ba na zuwa bikin dare sai da fitilu biyu a kan ƙafafunsu da ƙarama a saman kyamara, kuma ina kafa wa gein iyaka a menu don kada ta wuce inda hoto ke lalacewa. Hakan na taimakawa sosai. Sai dai fitilun kuɗi ne, baturansu kuɗi ne, yaron da zai riƙa matsar da su shi ma sai ka sallame shi, kuma masu ado ba sa ƙaunar ganinsu don suna kashe musu launin da suka tsara. Manyan baƙi ma wani lokaci sai a aiko a ce fitila na damun idon Alhaji. Duk wanda zai saye ta don biki ya sa kuɗin fitila a cikin kuɗin kyamara tun farko. Yanayin ɗaukar duhu na infared da take da shi kuwa ba na biki ba ne, don hoton da yake bayarwa ba shi da launi, na masu bincike da masu gadi ne.

Fokas ma a duhun yake nuna halinsa. Tana gane fuska ta bi ta, kuma in malami ɗaya ne a zaune a gaban makirfo da rana, za ka iya barinta ka je ka sha ruwa ka dawo. Amma ba ta da tsarin Dual Pixel mai saurin kama fokas da aka sa wa XA50 da XA55, nata na lalube ne, ta wuce ta dawo kafin ta tsaya. A wurin kamu amarya a lulluɓe take, babu fuskar da za a gane, sai ka ga ɗan akwatin ya tsallake ya sauka kan ƙawar da ke gefe. A filin liƙi kuwa hannuwa da takardun kuɗi na gilmawa ta gaban ido ba ƙaƙƙautawa, kowanne ya wuce sai ta ɗan bi shi. In ka ce za ka koma saitin hannu, zobe ɗaya ne tak a jikin idon, da ɗan makunni da ke zaɓar ko fokas ko zum. Haske kuma da wata 'yar ƙaramar dabaran da ke gaba ake juya shi, ita ma aiki ɗaya take yi a lokaci guda. Wanda ya saba da kyamara mai zobe uku zai ji hannunsa a ɗaure. Sauƙin abin shi ne ƙaramar sensa tana sa kusan komai ya fito a fili daga gaba har baya, don haka in kana faɗi kuskuren ba ya nunawa sosai, sai ka zuƙo.

Wannan sauƙin kuma shi ne wata matsalar. Amaren yanzu sun ga bidiyon biki a Instagram da TikTok inda amarya ke fitowa ita kaɗai, bayanta ya narke, kuma shi suke nema. XA40 ba za ta ba ka wannan ba sai ka ja da baya sosai ka zuƙo har ƙarshe, kuma a tsakar gida ko falo babu filin yin haka. Komai zai fito: igiyar shanya, jarkokin ruwa, yaron da ke cin shinkafa a bayan kujera. Ga mai ɗaukar rahoto wannan alheri ne. Ga mai son aikinsa ya yi kama da fim, hasara ce da babu saitin da zai gyara ta.

Abin da ya fi ci min rai, fiye ma da duhu, shi ne farar shadda. Mu baƙaƙe ne, kuma ranar ɗaurin aure fari muke sawa. Ka tsayar da ango a ƙofar masallaci bayan Juma'a, babbar riga fara ƙal an buga ta tana ƙyalli, rana a tsaka, hula ta yi wa goshi inuwa. Tsakanin hasken rigar da duhun fuskar akwai tazarar da wannan sensa ba ta iya ɗauka gaba ɗaya. In ka buɗe don fuska ta fito, aikin wuyan rigar da aka biya maɗinki kuɗi mai yawa ya ɓace, ya zama farin fili. In ka tsuke don aikin ya fito, ango da waliyyansa sun zama inuwa, sai haƙora. Ina kunna layukan gargaɗi na zebra, in tsuke har su kusa barin kafaɗar rigar, sannan in ɗaga fuska a wurin tacewa. A nan kuma sai ka ci karo da bango na biyu: tana ɗauka ne a bit 8, kuma ba ta da Canon Log, yanayin ɗauka mai bar maka sararin gyara haske da launi a wurin tacewa. Bit 8 na nufin matakai 256 ga kowane launi, alhali bit 10 na da 1,024. Ka ɗaga inuwa kaɗan, lafiya. Ka ƙara, fatar mutum ta fara rarrabuwa, sararin sama ya yi layi-layi. Abin da ka ɗauko a fili kusan shi za ka miƙa, gyaran da ya rage maka ɗan kaɗan ne. Dabarar da ta fi yi min aiki ba ta cikin kyamara: in roƙi ango da abokansa su matsa ƙarƙashin rumfa ko inuwar bishiya.

Da rana tsaka akwai kuma batun matatar haske, wato ND. Tana da wata a ciki mai shiga da kanta in ido ya tsuke, amma babu makunni a jiki da za ka zaɓi mataki da hannunka irin na XA50 mai matakai uku. Ranarmu ta watan Maris da Afrilu ta fi ƙarfinta. Sai dai ka ƙara gudun shota, wato ka rage lokacin da haske ke shiga wa kowane hoto, motsi ya riƙa tsinkewa, ko ka matse ido hoto ya yi laushi. Bakin idon milimita 58 ne, ka nemi matatar da ake ɗaurawa ka huta.

Inda na fi jin daɗinta shi ne hawan sallah. Zum ɗin nan daidai yake da milimita 29.3 zuwa 601 a ma'aunin babbar kyamara, kuma wanda ya taɓa neman irin wannan nisa a kyamara mai canjin ido ya san kuɗi da nauyin da zai ɗauka. Daga inda jami'an tsaro suka tsayar da mu nakan jawo fuskar mai algaita da kumatunsa a kumbure, da zufar da ke bin wuyan doki a ƙarƙashin kayan ado, in dawo faɗi in ɗauki dukan tawagar hakimi, duk a numfashi ɗaya. Ba ta da nauyi, da mariƙi da batir kilo ɗaya ne da 'yan kai, kuma tsarin hana girgiza yana riƙewa da kyau. Ƙura na tashi, ba na canza ido balle ta shiga ciki, ko da yake ba a yi ta don ƙura ko ruwa ba, ina rufe ta da ƙyalle tsakanin tawaga da tawaga. Amma ko a nan sai da iyakarta ta biyo ni. A 4K hoto 25 kawai take ɗauka a daƙiƙa. Lokacin jafi, da mahaya suka sako dawakai a guje suka ja linzami a gaban sarki, wannan ne wurin da kowa ke so a rage wa gudu a ga ƙasa na tashi. A 4K babu hali. Sai ka sauka zuwa HD mai hoto 50, wanda zai ba ka rabin gudu kawai, kuma dole ka yanke shawara tun kafin dawakai su taso.

Ɗaya ƙarshen zum ɗin kuma bai da faɗin da ake buƙata. In aka ce ka ɗauki jeren ɗakin amarya, za ka manna bayanka da bango amma gado da madubi da labule ba za su shiga tare ba. Akwai ƙarin gilashi mai faɗaɗawa da ake ɗaurawa a baki, shi ma wani kuɗin ne.

Allonta inci 3 ne mai ɗigo kusan 460,000. Kana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 8 kana duba shi a wannan, ta yaya za ka tabbatar fokas ya zauna? Shi ya sa abin da ya yi kyau a fili yake ba ka mamaki a gida. Da rana kuma sai ka kare shi da tafin hannu kafin ka ga komai, ko ka koma ɗan maleƙin baya, wanda ya fi allon kaifi amma ƙarami ne, mai tabarau zai sha wahala. Maɓallan da za ka ɗora wa aikin da kake so kaɗan ne, sauran abubuwa suna cikin menu na taɓawa, kuma yatsa mai gumi a tsakiyar taro ba ya taɓa inda aka aike shi.

Batirin da ke zuwa da ita BP-820 ne, kuma shi kaɗai ba ya kai ni ƙarshen dina. Babban, BP-828, shi ne na aiki, a nemi biyu. Abin da ya kamata a sani shi ne a cikin kwali babu cajar batir ta daban, a jikin kyamara ake caji. Ma'ana in batir ɗaya na caji, kyamararka ma tana ɗaure a bango. A garin da ake kawo wuta a ɗauke ba sanarwa, kuma kana da ɗaurin aure da safe, walima da la'asar, dina da dare, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Caja CG-800 daban ake sayenta. A yi hattara da batir na bogi kuma. Wani mai shago ya taɓa sayar min da ɗaya a kwali mai kyau ya rantse na asali ne, da na sa sai kyamara ta ƙi nuna mintocin da suka rage, ya kuma mutu ana cikin huɗubar ɗaurin aure ba gargaɗi. Na asali yana gaya maka saura minti kaza, kuma a aikin da ba a maimaitawa wannan lambar ta fi rangwamen da za a yi maka.

Kati ma lissafi ne. 4K ɗinta megabit 150 ne a daƙiƙa, wato kusan gigabait 67 a awa. Katin 64 ba ya cika awa guda, kuma sai mai alamar U3. Aikin awa huɗu ya tasam ma gigabait 270, in kuma kana ɗauka a kati biyu lokaci ɗaya don tsaro, ka ninka katunan. Daga nan sai laftof ta fara nishi. Bayan duk wannan wahala, mai aiki zai karɓa a filashi, 'yan uwa su yanka su tura ta WhatsApp, wanda zai matse shi ya zubar da rabin kyan. Shi ya sa mafi yawan aikina a HD mai megabit 35 nake yi, inda katin 64 ke ɗaukar kusan awa huɗu, kuma gaskiya HD ɗinta mai kyau ne don daga dukan sensar 4K take tace shi. Ramin kati biyun nan abin yabo ne, in ɗaya ya cika ta tsallaka ɗayan ba tare da ta yanke ba, kuma ba ta da dokar tsayawa a minti 30 irin ta kyamarorin hoto na da.

Da azumi ya zo, kusan kowane masallaci yana son a haska tafsiri kai tsaye a Facebook. XA40 ba ta da Wi-Fi, kuma ba za ka jona ta da kwamfuta ta USB ta zama kyamarar haskawa ba. Sai ka fita ta HDMI zuwa na'urar kama hoto, sannan kwamfuta. Ƙofar HDMI ɗin kuma ƙarama ce, ba ta da makulli. A masallaci cike, yara na rarrafe tsakanin sahu, wani ya taɓa waya da ƙafa, hoto ya ɗauke wa duk masu kallo. Ina ɗaure tawa da salatif a jikin ƙafar kyamara. XA45 tana da ƙofar SDI mai kullewa wadda ke jure doguwar waya, XA60 da ta gaje ta a 2022 kuma an sa mata USB-C mai haskawa kai tsaye da allo inci 3.5, sai dai girman sensar bai canza ba, don haka matsalar dare tana nan.

Duk da haka a tafsirin ne nake tuna dalilin da ya sa ban rabu da ita ba. Mariƙin nan yana da ƙofofin XLR biyu, irin waɗanda ake jona manyan makirfo da miksa, kowace da makunnin zaɓar layi ko makirfo ko wutar 48V da wasu makirfo ke buƙata, da dabaran ƙara da rage sauti da za ka juya da yatsa ba ka shiga menu ba. Ina jawo layi ɗaya daga miksar masallaci don muryar malam da alaramma, ɗayar ƙofar in sa makirfo mai kama amsawar jama'a, in sa abin ji a kunne in zauna. Jan ayar alaramma yana fitowa da dukan numfashinsa, babu amsa-kuwwar lasifika, babu ƙarar fanka. Mutanen da ke saurare a mota ko a kasuwa ba su damu da yashin da ke bangon masallaci ba, amma kalma ɗaya ta ɓace za su kira ka. Ta yi awanni a kunne cikin zafin bazara ba ta taɓa kashe kanta ba. A sani dai babu makirfon waje a kwalin, mazauninsa kawai aka ba ka, na cikin jikinta kuma na jin motsin hannunka.

To me mutum zai saya a madadinta? Ya danganta da inda ciwonsa yake. In dare ne, a wannan siffa sai mai sensar inci ɗaya: XA50, ko Sony HXR-NX80 da PXW-Z90 da suka fito a 2017. Za ka rasa nisan zum, don XA50 ninki 15 ce, na Sony 12, amma za ka samu haske da fokas mai kamawa da ND na hannu. In gudun hoto da launi ne damuwarka, Panasonic HC-X1500 ta 2020 tana ɗaukar 4K a hoto 50 ko 60 da bit 10, tana da zobe biyu, ta kuma fi faɗi, amma sensarta ma ƙarama ce, dare zai kama ta yadda yake kama wannan. In kuwa bikin zamani da waƙa da fim ka nufa, hanyar daban ce: irin su Sony FX30 ta 2022, mai babbar sensa da bit 10, wadda jikinta kaɗai ya fito a kusan dala 1,800, ido daban, kuma babu idon da zai ba ka ninki 20 a wannan kuɗi. Ni a yanzu biyu nake haɗawa a biki, XA40 a kan ƙafa tana ɗaukar faɗi da sauti daga farko har ƙarshe, ƙaramar mai canjin ido a hannu tana bin fuskoki.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, mafi yawan masu saye ta hannu suke nema, kuma a nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. XA40 iri biyu ce, ta kasuwar Amurka mai tafiya da 60 da ta Turai mai tafiya da 50, kuma ba a juya ɗaya ta koma ɗaya a menu. Lambobin nan na bin bugun wutar lantarkin ƙasa ne a daƙiƙa, kuma wutar Najeriya da Nijar mai 50 ce. In ka sayi ta Amurka ka shiga zaure mai fitilun LED masu araha ko dogayen ƙwai, za ka ga haske na ƙyaftawa ko wasu layuka na gangarowa a hoto. Sa shota a 1/100 yana rage shi sosai, amma ka sake rage hasken da dama bai ishe ka ba, kuma in kana haɗa aiki da wani mai ɗauka a 25 za ku sha wahala wurin tacewa. Kafin ka biya, ka buɗe menu ka duba: in ka ga 25 da 50 ita ce tamu, in 29.97 da 59.94 ne ta Amurka ce. Ka tabbata mariƙin yana nan da sukurorinsa da mazaunin makirfo, don akwai masu sayar da jiki kawai, kuma neman mariƙin shi kaɗai wahala ne. Ka jona makirfo a ƙofa ta ɗaya da ta biyu ka saurara da abin ji, ka gwada ramin kati biyun, ka zuƙo har ƙarshe a kan farin bango ka ga ko ƙura ta shiga cikin ido. Sannan ka roƙi mai shago ya kashe fitila, ka ɗauki fuskarsa na minti ɗaya daga nesa, ka kalla a babban allo ba a na kyamara ba.